Yadda Na Gina Makarantarmu a Gonar Wani

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshe





Da sakatare ya tambaye ni taken jawabina, na gaya masa cewa zan yi magana ne a kan juya lambobin wuri daga wani tsarin taswira zuwa wani, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Malam, akwai abinci bayan jawabinka, don Allah kada ka kori jama'a tun ba a kawo shi ba.” Na ɗauki shawararsa. Saboda haka zan ba ku labarin yadda na ɗauki makarantar da nake koyarwa, da ajujuwanta da katangarta, na tsallaka titi da ita na dasa ta a gonar wani bawan Allah, da kuma yadda na dawo da ita.

Bara wani tsohon ɗalibina ya kawo wa makarantarmu, wadda ke bayan garin Kano, wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. A cikinta akwai manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama mai suna FlightGear. Kyauta ce, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suke gina ta tun shekarun 1990. Mutum zai zauna gaban allon kwamfuta kamar yana kujerar matuƙi, ya tashi jirgi, ya ga ƙasa tana shuɗewa a ƙarƙashinsa da hanyoyinta da kogunanta. Ranar Alhamis bayan tashi nakan tara 'yan aji shida mu tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Nakan kuma tuna musu cewa tun shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka a wannan birni, lokacin da wasu jiragen sojan Ingila suka taso daga Masar. Wata rana muna sama, wata yarinya ta leƙa allon ta ce, “Malam, ina makarantarmu?” Muka karkata jirgi muka duba. Titin da ya bi ta ƙofarmu yana nan, amma inda ya kamata a ga ajujuwa babu komai sai fili. Na yi mata alkawarin zan sa makarantar. Da na san abin da ke gabana, da na ƙara da cewa “in na iya”.

Zana ginin bai ba ni wahala ba, tsohon ɗalibin nan ya taimaka. Aikin yana wajen gaya wa manhajar inda za ta ajiye shi. Layi guda ake rubutawa: sunan ginin, da lambobi biyu na matsayinsa a bayan ƙasa, da tsayin wurin daga teku, da inda ya fuskanta. Lambobin nan biyu duk mun san su, domin muna koyar da su. Akwai layukan kwance, wato latitud, masu nuna nisan wuri arewa ko kudu da Ikwaita. Akwai layukan tsaye, wato longitud, masu nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic ta Landan, wanda ƙasashe suka amince da shi a taron Washinton na 1884. Layin nan ya gangaro har yankinmu, ya ratsa garin Tema na Ghana kafin ya faɗa teku.

Na tsaya gindin sandar tutarmu da wayata, na kwafi abin da ta nuna. Zan yi misali da filin jirgi a maimakon makarantarmu, domin kowa ya san shi: yana wajen digiri 12 da minti 3 arewa, digiri 8 da minti 31 gabas. Manhajar ba ta karɓar minti, digiri take so da ɗigo. Ni kuwa, malamin da ya shekara fiye da ashirin yana koya wa yara cewa minti sittin ne awa guda, sai na rubuta 8.31. Minti na digiri ma sittin-sittin ake ƙirga shi. Minti 31 ya ɗara rabin digiri, saboda haka sai an raba shi da 60 a sami 0.517, lambar ta zama 8.517. Digiri guda na latitud kusan kilomita 111 ne, na longitud kuma a daidai Kano kusan 109 ne. Wannan ɗan ganganci ya jefa tutarmu fiye da kilomita 22 yamma da inda take. Yana da kyau mu riƙe waɗannan awo a ka: minti guda na latitud kusan mita 1,852 ne, wato mil guda na matuƙan jiragen ruwa da na sama, sakan guda kuwa kusan mita 31.

Na gyara wannan, sai tutar ta ɓace gaba ɗaya. Mu a aji latitud muke fara ambata. FlightGear kuwa longitud take so a fara rubutawa. Wanda ya musanya lambobin Kano, ya mai da 8.5 arewa 12 kuma gabas, ya bar Kano ke nan ya sauka kusa da Ganye ta Jihar Adamawa. Wanda kuma ya sa alamar ɗebewa gaban longitud ya mai da gabas yamma, zai tsinci kansa kusa da Kangaba ta ƙasar Mali, kudu maso yamma da Bamako. Na ziyarci Ganye, Allah ya tsare ni daga Mali. Tsayi ma ya yi mini nasa. Filin jirgin Kano yana ƙafa 1,562 daga teku, wato mita 476. Matuƙa da tsofaffin taswirorinmu da ƙafa suke awo, manhajar kuwa mita take nufi. Na rubuta adadin ƙafa, tutarmu ta tsaya cak a sararin samaniya, fiye da kilomita guda sama da ƙasa. Yara sun yi dariya har da riƙe ciki.

Waɗannan duk kurakuran gaggawa ne, kuma girmansu ne yake tona su. Wanda ya ci mini mako uku ƙarami ne.

Da tuta ta zauna daidai, sai na so katanga da ajujuwa su ma su zauna daidai. Na roƙi hedimasta ya buɗe kabad ya ba ni takardar safiyon filin makaranta. Tsohuwa ce, ta fara cin kanta a wajen naɗi. Kowace kusurwa da lambobinta biyu, amma babu digiri ko ɗaya a ciki. Ta farko dubu ɗari huɗu da wani abu ce, ta biyu miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da wani abu, duka a mita. A gefe an rubuta haruffan UTM da lamba 32.

Dalilin haka shi ne mai awon fili yana so ya yi lissafi a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, duniya kuwa mulmulalliya ce. Ku ɗauki ƙwarya ku ce za ku shimfiɗe ta a kan tabarma, sai ta fashe. Amma idan aka tsaga ta sirara-sirara, kowane tsagi zai kwanta ba tare da wata ɓarna mai yawa ba. Haka aka yi wa duniya a tsarin UTM: aka tsaga ta gida 60 daga arewa zuwa kudu, kowane tsagi faɗin digiri 6. Nijeriya ta faɗa cikin uku, na 31 da na 32 da na 33. Kano tana cikin na 32, wanda ya tashi daga digiri 6 zuwa 12 gabas, tsakiyarsa kuma digiri 9. Layin tsakiyar nan an ba shi lambar mita 500,000 domin kada a riƙa samun alamar ɗebewa. Filin jirgin Kano yana kusan kilomita 52 yamma da shi, saboda haka lambarsa ta gabas wajen 448,000 ce. Lambar arewa kuwa nisa ne daga Ikwaita, wajen mita 1,332,000. Wasu takardun safiyo na ƙasar nan ba da wannan tsari aka yi su ba. Nijeriya tana da nata tsagi uku, na yamma da na tsakiya da na gabas, masu tsakiya a digiri 4 da rabi, 8 da rabi, da 12 da rabi, kuma daga digiri 4 arewa suke fara ƙirgar arewa. Wanda ya ɗauki lambobin wancan ya zuba a wannan zai kauce da ɗaruruwan kilomita.

Na sami wata manhajar taswira, ita ma kyauta, mai suna QGIS. Na shigar da lambobin, na gaya mata UTM ne tsagi na 32, ta mayar mini da su digiri, na kai su FlightGear. Muka tashi. Ga tutarmu nan arewa da titi, ita kaɗai kamar marainiya. Katanga da ajujuwa kuwa sun tsallaka kudu, sun ɗan gusa gabas, sun zauna a wurin da kowane yaro ya san gonar gero ce. Na auna tazarar, ta kai wajen mita 120 kudu da mita 80 gabas.

Da farko na zargi wayata. Na koma gindin tuta da safe, na koma da yamma, na ari wayar wani malami, duka suka nuna abu guda, bambancinsu bai wuce mita kaɗan ba. Sai na koma zargin wanda ya yi safiyon, na ce a raina tun wancan zamani ma akwai aikin ha'inci. Allah ya yafe mini wannan zato. A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi aikin safiyo har ya yi ritaya. Na kai masa takardar bayan la'asar. Bai ko dubi lambobin ba. Ya sa tabarau ya bi gefen takardar da yatsa har ya tsaya a kan wata kalma da na karanta sau da yawa ban kula da ita ba: Minna. Na ce, “Baba, ai na zaci ofishin da ya buga takardar ne.” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, in mutum ya ce maka ya sayi gero mudu goma, ka san yawan geronsa?” Na ce sai na ji mudun wace kasuwa. Ya ce, “To, kai ka auna da mudun Minna, ka je kana sayarwa da mudun Amurka.”

Ga abin da ya koya mini, gwargwadon yadda na fahimta, na kuma bi na tabbatar. Duniya ba ta cika da'ira sosai ba, ta ɗan taushe a ƙuryar arewa da ta kudu. Daga cibiyarta zuwa Ikwaita kusan kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuryar arewa kuwa kusan 6,357. Bayanta kuma ba sumul yake ba. Kafin a ce wuri kaza yana digiri kaza, dole a fara ƙera wata sumul ɗin siffa ta lissafi mai kama da duniya, a yanke girmanta, a kuma yanke inda za a ɗaura ta da ainihin ƙasa. Wannan shi masu awo suke kira datam, ni kuwa zan kira shi tushen awo. Masu safiyon zamanin Turawa sun ɗauki siffar da wani Baturen Ingila, Alexander Ross Clarke, ya lissafa a 1880, suka ɗaure ta a wani turken awo da ke Minna mai lamba L40, daga nan suka bi ƙasar nan da awo tudu zuwa tudu. Hula ce da aka gyara wa zama domin ta dace da kai guda, wato yankinmu, kuma ta dace ƙwarai. Amma taurarin ɗan'adam na GPS cibiyar duniya suke kewayawa, saboda haka suna buƙatar tushen da ya zauna a wannan cibiya, wanda zai yi wa kowace nahiya aiki. Shi ne WGS 84, wanda ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa. Da shi wayoyinmu suke magana, da shi FlightGear ta shimfiɗa duniyarta.

Siffofin biyu sun bambanta a girma: daga cibiya zuwa Ikwaita ta Clarke mita 6,378,249 ce, ta WGS 84 kuwa 6,378,137. Cibiyoyinsu ma ba wuri guda suke ba. Shi ya sa kusurwar katangarmu, wadda ba ta taɓa motsi ba, take da lambobi iri biyu, kuma kowane iri gaskiya ne a tsarinsa, kamar yadda rana guda take da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya. Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A Girinwic kanta, masu yawon buɗe ido sukan tsaya a kan layin da aka shata a ƙasa su duba wayoyinsu, su tarar ba su nuna sifili ba. Sifilin GPS yana kusan mita 102 gabas da wancan tsohon layi.

Juyin da ya kamata in yi hawa-hawa ne. Ana fara mayar da mitocin takarda digiri, amma a kan siffar Clarke. Sannan a mayar da digirin nan lambobi uku masu nuna matsayin wurin daga cibiyar siffar. Sannan a gusa da cibiyar: a ƙiyasin da aka fi amfani da shi ga Nijeriya, ana ɗebe mita 92 daga lamba ta farko, a ɗebe 93 daga ta biyu, a ƙara 122 a kan ta uku. Daga nan a sake mayar da su digiri a kan siffar WGS 84. Ni hawa na farko kawai na yi, shi ma a kan siffar da ba ita ba. Ba sai mutum ya yi wannan lissafi da hannu ba. Kowane tsari yana da lambar rajistarsa a cikin QGIS. UTM tsagi na 32 a kan tushen WGS 84 lambarsa 32632, ita na zaɓa bisa kuskure domin ita ta fara fitowa. UTM tsagi na 32 a kan tushen Minna lambarsa 26332. Digirin da FlightGear take so kuwa 4326 ne. Na canza 32632 zuwa 26332, aikin da bai ɗauki minti guda ba, katanga ta tsallako titi ta kewaye tutarta. Saura tazarar mita kaɗan, wadda ba na iya cewa ta waya ce ko ta ƙiyasin, kuma daga sama ba a ganinta.

Wani zai ce mita ɗari da arba'in a sararin sama ai ba komai ba ne. Titin saukar manyan jirage faɗinsa yawanci mita 45 zuwa 60 ne. Ku tuna hazon hunturu a Kano, ranar da mutum ba ya hango ƙarshen layinsu. Matuƙin da ke gangarowa a irin wannan rana na'urorinsa yake bi. Idan taswirar filin tana kan wani tushe, na'urar jirgi tana kan wani, kuskure irin nawa ya isa ya sa shi neman titi a cikin ciyawa. Saboda haka ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya ta wajabta wa ƙasashe su riƙa bayyana matsayin filayen jiragensu da WGS 84 daga 1 ga Janairun 1998.

Da a kwamfuta abin ya tsaya, da ban ɗauki lokacinku ba. Bayan 'yan watanni wani mai son yin gini a arewacin filin ƙwallonmu ya zo da wani saurayi riƙe da waya da kwafin takardar safiyonmu. Saurayin ya shigar da lambobin kusurwoyi a wayarsa, ya bi inda ta nuna masa, ya ce ga iyakar makaranta nan, can kudu da inda turakun siminti suke. A lissafinsa kusan duk filin ƙwallon ba namu ba ne. Ba na ce da mugun nufi ya zo ba, domin ni ma abin da na yi ke nan, har na zargi mamaci. Na roƙe shi mu taka zuwa kusurwar kudu mu ga inda wayar za ta ajiye ta. Ta ajiye ta a hayin titi, cikin gonar geron nan da na riga na sani. Na ce masa in lissafin nan daidai ne, to gonar ta makaranta ce, sai mu je tare mu shaida wa mai ita. Aka yi dariya, maganar ta huce, aka amince a kira mai safiyo mai lasisi. Ya zo da na'urarsa, ya tabbatar da turakun a inda suke.

Ina so a fahimce ni a nan. Juyin da na yi a kwamfuta ya isa a dasa gini a cikin wasan jirgi, bai isa a yanke hukuncin iyaka da shi ba, inda taku biyu kan kai mutane gaban alƙali. Wannan aikin masu lasisi ne. Abin da nake roƙon kowane hedimasta a nan shi ne ya ciro takardar filin makarantarsa ya karanta gefenta, ya ga ko Minna aka rubuta, ya ga tsagi na nawa ne, ya kuma zaga ya nemo turakun ya nuna wa malamai biyu ko uku. A makarantu da yawa shara ta binne su. Mu a wurinmu ɗaya daga ciki masu sayar da abinci sun mai da shi murhu.

A aji kuma na canza abu guda. Duk ranar da na koyar da awa da minti, nakan ɗauko taswirar bango in nuna musu cewa digiri ma haka yake rabuwa, in ba su digiri 8 da minti 30 su mayar mini da shi lamba mai ɗigo. Rabin aji sukan rubuta 8.30 a karon farko. Ba na yi musu faɗa, ba ni da bakin yi.

Ranar da muka kammala, yarinyar da ta yi tambayar ita na ba tuƙi. Ta tashi daga filin Malam Aminu Kano, ta bi titi har ta hango kwanon ajujuwa, ta kewaya makarantar sau biyu. Sannan ta juyo ta ce, “Malam, ina darbejiyar da muke zama a ƙarƙashinta?” Bishiyoyi goma sha ɗaya ne a harabar, kawo yanzu na auna huɗu. Kwamfutar tana nan bayan zaure, wanda yake so ya gwada tuƙi bayan an ci abinci bismillah, wanda kuma ya zo da takardar filin makarantarsa sai mu duba gefenta tare.